Kaskon turare mai zubo da hayaƙi ƙasa: tangaran, yumɓu, roba, tagulla ko mai gilashi?

Wanda ya ga irin wannan kasko yana aiki a karon farko yakan tsaya kallo: hayaƙin da aka sani da tashi sama, sai ga shi yana gangarowa daga tsani zuwa tsani, wato matakan da aka jera a jikin kaskon, kamar madara, yana taruwa a ɗan kwarmin da ke ƙasa. Daga nan sha'awar saye take shiga, daga nan kuma ruɗani yake farawa, domin kaskon iri-iri ne, kuma a hoto duka kyawawa ne. Bambancinsu ba ya bayyana sai bayan an kunna su sau biyar ko shida, lokacin da maiƙon hayaƙi ya fara kwanciya a jikinsu.

Kafin a shiga kwatance, a fahimci yadda abin yake aiki, don duk ma'aunin zaɓe daga nan ya samo asali. Sirrin yana cikin curin turaren. Curin yana da tsini a sama da faɗi a ƙasa, tsawonsa yawanci santimita 3 zuwa 4, kuma an huda shi daga gindi, hudar ta haura fiye da rabin tsawonsa amma ba ta ɓulle ta sama ba. Idan aka kunna tsinin, aka hure harshen wutar, garwashin yakan ci a hankali har ya kai bakin hudar ta ciki. A nan wani kaso na hayaƙin yake shiga ramin, ya yi nesa da garwashi, ya huce. Hayaƙin da ya huce ya fi iskar ɗaki nauyi saboda ƙananan ɓurɓushi da ɗigon mai da yake ɗauke da su, don haka sai ya faɗa ƙasa ta hudar kaskon. Aikin kasko kawai ya karɓe shi ya ba shi hanya. Shi ya sa curin da ba shi da huda ba zai taɓa zubo da hayaƙi ba ko a kan wane kasko aka ɗora shi, kuma shi ya sa ake jira minti 1 zuwa 3 bayan kunnawa kafin zubar ta fara.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mai saye ya sani tun yanzu. Wannan kasko na ido ne fiye da na hanci. Hayaƙin da ke gangarowa ya fito ne daga tsakiyar curin, inda iska ba ta wadata ba, saboda haka yana da kauri, yana da maiƙo, kuma warinsa ya fi kusa da na itacen da ya ƙone. Ƙamshin gaske yana tare da siririn hayaƙin da ke tashi daga tsinin. Wanda burinsa ɗaki ya cika da ƙamshi, turaren tsinke mai kyau zai fi biya masa buƙata da kuɗi kaɗan.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne hanyar hayaƙi. Hudar kaskon ta dace da ta curin, wurin zaman curin ya zama shimfiɗaɗɗe yadda gindinsa zai manne ba tare da kafa ba. In akwai kafa, iska za ta shiga ta gefe, hayaƙin ya tsinke. Sannan magangarar ta kasance da ɗan zurfi da gefuna masu tare hayaƙi, don hayaƙi mai nauyi yana bin kwari ne kamar yadda ruwa yake yi.

Na biyu, kuma shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi, wankuwa. Duk curin da ya ƙone yana barin wani maiƙo mai launin ruwan ƙasa, mai danƙo, a bakin hudar da kan magangara. Idan ya taru yana wari irin na tsohuwar toka da ta jiƙe, yana kuma toshe huda. Kaskon da ba ya wankuwa cikin sauƙi, ƙarshensa a ajiye shi a lungu.

Na uku jure zafi, domin garwashin curi yana kai ɗaruruwan digiri, kuma a ƙarshen ci yana zaune ne kai tsaye a kan kaskon. Sai ƙarko, sai kuɗi, sai haɗari: kifewa, ƙuna, da inda tokar take faɗawa.

Tangaran mai sheƙi

Wannan shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. An gasa shi a zafin da ya haura digiri 1000, don haka garwashin ɗan curi ba ya yi masa komai. Rufin sheƙin da ke jikinsa gilashi ne a haƙiƙa, ba ya shan mai, maiƙo yana kwanciya ne a samansa kawai. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori sun isa su mayar da shi sabo cikin minti biyar. In maiƙon ya daɗe ya bushe, a jiƙa kaskon minti 15 zuwa 20, ko a goge da auduga da aka tsoma a sifirit. Santsin jikinsa kuma yana sa hayaƙin ya sulale ba tare da ya warwatse ba, musamman in launinsa baƙi ne ko shuɗi mai duhu, inda farin hayaƙi yake fitowa sarai. A kan farin tangaran zubar ba ta cika ganuwa ba, wannan ƙaramin abu ne da ke canza komai.

Rauninsa biyu ne. Yana fashewa in ya faɗi, kuma siraran sassansa, kamar ganyen fure ko bakin tsani, su ne suke fara ɓantarewa wajen wanki. Na biyu, ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya: kada a zuba masa ruwan sanyi da ɗumin wuta a jikinsa, a bar shi ya huce kamar minti 10. Akwai kuma wani ha'inci da ake samu a masu araha, inda ake yi wa waje sheƙi a bar cikin hudar da ƙasan tsani ba sheƙi. A haska fitila cikin hudar kafin saye. In cikin ya yi fari-fari da kaushi, nan ne maiƙo zai shige ya ƙi fita. Kuɗinsa daga mai araha zuwa matsakaici ne, sai dai na aikin hannu da ke iya yin tsada sosai.

Yumɓu ko dutse marar sheƙi

Kyansa daban ne, yana da nutsuwa, kuma yana kama da dutsen gaske da hazo ke sauka a kansa. Zafi ba ya damunsa, nauyinsa kuma yana hana shi kifewa. Matsalarsa ita ce jikinsa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan maiƙo kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa take shan ruwa. Bayan makonni kaɗan hanyar hayaƙin takan yi duhu, kuma warin yakan zauna ko an wanke. Sabulu mai ƙamshi ma shigewa yake yi, ya haɗu da warin hayaƙi. Abin da ya fi masa shi ne ruwan zafi zalla da buroshi bayan kowane amfani, sannan a bar shi ya bushe sarai, kwana guda in da hali, domin danshin da ya rage a cikinsa yana jiƙa gindin curi ya kashe wutar tun ba ta kai ƙarshe ba. Wanda zai riƙa kunna turare iri ɗaya kullum, kuma duhun da yumɓu ke yi da tsufa yana burge shi, zai ji daɗinsa. Wanda yake canza ƙamshi yau da gobe zai ga duk sun gauraye sun zama wari ɗaya.

Roba mai tauri da ake zubawa a mazubi

Mafi yawan kaskon da ke da zane mai sarƙaƙiya, irin su dodo mai fuka-fuki, gidan sarauta a kan tsauni ko bishiya mai rassa, da wannan ake yin su, saboda ana zuba ta tana ruwa-ruwa a mazubi ta ɗauki kowane ƙaramin zane, sannan a yi mata fenti. Ita ce mafi araha a yawancin lokuta, kuma ba ta saurin tarwatsewa kamar tangaran, ko da yake tana ɓantarewa.

Sai dai roba da garwashi ba sa shiri. In curin yana zaune kai tsaye a kanta, wurin yakan yi baƙi, ya yi laushi, ya lotsa, har ya riƙa fitar da warin roba mai ƙuna da ke gauraya da turaren. Da zarar mazaunin ya lotsa, gindin curi ya daina mannewa, zubar hayaƙi ta lalace ke nan. Saboda haka sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: dole a sami ɗan zoben ƙarfe ko ƙaramin faifan tangaran a wurin zaman curin. In babu, a bar shi a kanti komai kyansa. Wanki ma yana da wuya, don maiƙo yana shiga lungunan zanen, sifirit kuma yana iya cin fentin, buroshi mai ƙarfi yana kankare shi. Sai dai ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan da buroshi mai laushi. Rashin nauyinsa wani haɗari ne, musamman dogaye masu ƙaramin gindi, waɗanda gefen hannun riga ma yana iya turewa.

Ana rikita roba da tangaran a hoto, har ma a hannu. A ƙwanƙwasa da farce: tangaran yana amsawa da ƙara siririya, roba kuwa sautinta a dakushe yake. Tangaran yana da sanyi a tafin hannu, roba ba ta da shi.

Tagulla da sauran ƙarafa

Wannan na gado ne. Ba ya fashewa, ba ya shan mai, kuma ana iya dirje shi ba tare da fargaba ba. Ƙarfe yana janye zafi da sauri, abin da ke taimaka wa hayaƙin ya huce a kan hanyarsa. Amma wannan halin shi ne haɗarinsa: zafin garwashi yana yaɗuwa a jikin kaskon, ƙaramin kasko na iya yin zafin da zai ƙona yatsa ko ya bar tabo a kan teburin katako mai fenti. Ana buƙatar faranti na tangaran ko dutse a ƙarƙashinsa, kuma ba a ɗaga shi sai ya huce. Tagulla tana dusashewa da lokaci, maiƙo yana ƙara mata duhu, sai an riƙa goge ta da ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, a ɗauraye, a tsane nan take. Zanensa yawanci ba shi da tsani da yawa, don haka wasan hayaƙin bai kai na tangaran ba. Na tagullar gaske yana da tsada. Masu araha galibi wani ƙarfe ne mai sauƙi aka yi wa rufi mai launin tagulla, kuma rufin yana ɓarewa a daidai inda curi ke zama.

Mai rufin gilashi

Babban abokin gabar kowane kasko mai zubo da hayaƙi iska ce. Fanka, na'urar sanyaya ɗaki, taga a buɗe, har wucewar mutum kusa da shi, duk suna tarwatsa zubar. Kasko mai gilashi an yi shi ne don wannan matsala: curin yana zaune a sama, hayaƙin yana sauka cikin bututu ko kwalbar gilashi, inda iska ba ta kai wa gare shi. A ɗakin da fanka ba ta tsayawa, shi kaɗai ne zai nuna abin da aka saye shi domin shi. Yana da wata fa'ida kuma: maiƙon yana tsayawa a ciki, ba ya malala kan tebur.

Kuɗinsa ya ɗara na tangaran na yau da kullum, kuma shi ne mafi saurin fashewa. Gilashi yana nuna datti fiye da komai, bayan curi biyu ko uku sai ya yi dishi-dishi da rawaya. Kafin saye a tabbatar gilashin yana cirewa daga gindinsa kuma hannu ko buroshin kwalba yana shiga. Wanda aka manne da gam ba ya wankuwa, kuma watanni kaɗan zai yi ya zama abin takaici. A duba ko akwai 'yar kafa a ƙasa da hayaƙin da ya taru zai fita, in ba haka ba kwalbar takan cika ta yi fari fat, zubar ta daina ganuwa.

Akwai kuma na katako. In ba shi da mazaunin ƙarfe mai faɗi da zai tare curi da tokarsa, ba abin kunna wuta ba ne, ado ne kawai.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Wanki | Jure zafi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tangaran mai sheƙi | araha zuwa matsakaici | yana daɗewa in bai faɗi ba | mai sauƙi | sosai | fashewa |
| Yumɓu ko dutse | matsakaici | mai kyau | mai wuya, yana riƙe wari | sosai | tabo da wari |
| Roba | mafi araha | mazauni yana lalacewa | mai wuya | rauni | narkewa, kifewa |
| Tagulla | tsada | mafi daɗewa | mai sauƙi | sosai, amma yana ɗaukar zafi | ƙuna |
| Mai gilashi | matsakaici zuwa tsada | mai rauni | sai an yawaita | ya danganta da mazauni | fashewa |

Siffa da girma

Bayan abin da aka yi kaskon da shi, siffarsa ce ke yanke hukunci. Tsani uku zuwa biyar masu faɗi sun fi goma ƙanana, domin hayaƙin curi guda ba shi da yawa, kuma a kowane tsani wani kaso yana ɓacewa. Kasko mai tsawon santimita 10 zuwa 20 ya dace da curi na yau da kullum. Wanda ya fi haka tsawo yana buƙatar babban curi, in ba haka ba hayaƙin zai ƙare a rabin hanya. Kwarmin ƙasa ya zama mai zurfi da baki a ɗage, don nan ne hayaƙi da maiƙo suke taruwa. In ba shi da baki, hayaƙin zai malala kan tebur ya bar rawayan tabo mai danƙo a kan katako ko mayafin tebur. Wasu suna zuwa da ɗan murfi mai huda da ake kifawa a kan curin. Yana kare garwashi daga iska, yana tare toka, yana kuma tura ƙarin hayaƙi ƙasa, amma in hudarsa ta yi ƙanƙanta yana shaƙe wutar.

Ga gwaji mai sauƙi ga kaskon tangaran ko ƙarfe: a zuba cokali guda na ruwa ta hudar sama. In ruwan ya bi tsani ɗaya bayan ɗaya ya sauka a kwarmi, hayaƙi ma haka zai yi. In ya zube ta gefe ko ya tsaya a wani lungu, an yi kaskon a karkace.

Curin ya fi kaskon muhimmanci

Yawancin waɗanda suka ce kaskonsu yana wari, curin ne matsalarsu. Waɗanda ake haɗowa kyauta a cikin kwali, masu launin ja, kore da shuɗi, galibi garin katako ne da aka rina aka tsoma a man ƙamshi. Suna zubo da hayaƙi mai yawa, amma maiƙonsu ya fi yawa, warinsu kuma yana kama maƙogwaro. Curi mai kyau ana yin sa da garin itace mai ƙamshi, kamar sandal ko oud, da garin ɓawon itace mai danƙo da ke riƙe shi. Launinsa na itace ne, ba ya barin maiƙo a yatsa, ƙamshinsa kafin a kunna ba ya bugun hanci. Ya fi tsada, amma gara a sayi kasko mai sauƙin kuɗi a sa ragowar a curi mai kyau da a yi akasin haka.

Ƙaramin curi yana ci minti 10 zuwa 20. A riƙe shi da hantsaki a karkace, a kunna tsinin, a bar harshen wuta ya kama na daƙiƙa 10 zuwa 15, a hure, sannan a ɗora shi huda a kan huda. In bayan minti uku hayaƙi bai sauko ba, dalilin ba ya wuce huɗu: hudodin biyu ba su haɗu ba, hudar curin ta toshe da gari (allura tana buɗe ta), maiƙo ya toshe ta kaskon, ko iska tana kaɗawa. In wutar tana mutuwa a tsakiya, curin ya sha danshi, a riƙa ajiye su a kwalba mai murfi. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe, inda curin ya fi faɗi, shi ne mafi ɗaci da maiƙo. Ana iya ɗauke shi da hantsaki a tsoma a ruwa kafin ya kai nan, wanki zai ragu, warin ƙuna ma haka.

Batun lafiya bai bambanta tsakanin kasko da kasko ba. Hayaƙin turare kowane iri yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, kuma wannan salon yana neman a rufe taga a kashe fanka, wato daidai yanayin da hayaƙi ke taruwa. Hanyar da ta dace ita ce curi guda a zama ɗaya, a zauna nesa da shi kamar mita guda, da ya ƙare a buɗe taga. Kada a kunna a ɗakin da jariri yake, ko mai asma, ko tsuntsun keji, don tsuntsaye ba sa jure hayaƙi. Hayaƙin yana kwanciya ƙasa, inda yaro mai rarrafe da kyanwa suke shaƙa. A nisanta shi da labule da takardu, kuma ba a barin sa yana ci a fita ko a kwanta barci. Tokar curi takan riƙe siffarta da wuta a cikinta, a jira ta huce kafin a zubar.

Wanne ya dace da wa

Mai saye na farko, da duk wanda zai riƙa kunnawa sau da yawa a mako, ya ɗauki tangaran mai sheƙi ciki da waje, mai duhun launi, mai tsani kaɗan da kwarmi mai zurfi. Shi ne ya haɗa sauƙin wanki, jure zafi da kuɗi mai sauƙi, kuma ba na ganin dalilin tsallake shi sai da wata buƙata ta musamman.

Wanda ɗakinsa ba ya rabuwa da fanka ko na'urar sanyi, mai gilashi ne nasa, da sharaɗin gilashin yana cirewa. Gidan da kaya ke yawan faɗuwa, ko wanda yake son abin da zai shekara da shekaru, ya nemi tagulla mai faɗin gindi ya haɗa da farantin dutse, ya kuma ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa saboda zafinsa. Yumɓu na mai turare ɗaya ne da ba ya ƙyashin wanki bayan kowane amfani. Roba kuwa ta dace da wanda adon yake so, zai kunna ne jefi-jefi in an yi baƙi, kuma ya ga zoben ƙarfen da idonsa kafin ya biya. In kyauta za a bayar, a haɗa ƙaramin kaskon tangaran da kwalin curi mai kyau da hantsaki, a cire curi masu launin da suka zo a kwalin kaskon.